Wasiyyar Mahaƙin Rijiya

A Harbo, bayan an kai gero rumbu,
in wata ya kwana goma,
kakana Tunau, mahaƙin rijiya,
yakan miƙe ƙafafun da laka ta tsattsaga
shekara arba'in, ya kira ni.

"Cindo, mene ne abin da ake ɗiba kullum,
shi kuwa kullum ƙaruwa yake?"
Na ce arziki. Ya girgiza kai.
Na ce ilimi, don na ji a bakin malam.
Ya ce, "Kai da malam kun wuce gida."
Na ba shi Jahun, ya ce ta yi kaɗan.
Na ƙara masa Gumel da kasuwar Gujungu,
kana ya furzar da tukar goro,
ya ce, "Rami."

Haka kacici-kacici yake:
ɗaki a kulle, mabuɗi a aljihun mai tambaya.
Ka biya gari, a buɗe maka,
ka leƙa ciki da rawar jiki,
ka tarar da tsohon takalminka.

Wata rana da rani Ja'e ya koro shanu,
ya leƙa sabuwar rijiya, gaba goma sha biyu
babu ko danshi.
Ya ce, "Tunau, ina ruwan?"
Daga can ƙasa murya ta taso:
"Yana nan. Ruwan Bafulatani ne,
ya ga suruki, kunya ta hana shi fitowa."
Masu jan ƙasa suka saki igiya,
Ja'e ya dafa sanda yana share hawaye.

Ba wanda ya ba da gari ranar.
Barkwanci ba ya jiran ka yi tunani,
yakan miƙa maka amsa
tun ba ka san an tambaye ka ba.
Na taɓa gwada yi wa wani baƙo bayaninsa,
sai na zama mai fasa ƙwai
don ya nuna ɗan tsako.

Ta ukun ban san sunanta ba.

Daren da ciwon ƙirji ya kwantar da shi,
fitila na neman mai,
ya kama wuyan hannuna da yatsu kamar saiwa.
"Ga wasiyyata, riƙe ta da kyau:
kada ka taɓa ɗaukar maganar tsoho."

Na jira dariya. Ba ta zo ba.
Na ce, "Kaka, na ba ka Dutse."
Shiru.
"Na ba ka Kano, har da ganuwa."
Ya lumshe ido,
da asuba aka yi ɗumin ruwa.

In na ɗauka, na ƙi ta ke nan.
In na ƙi, ai na ɗauka.
Shekara talatin ina zura guga,
igiya ta ƙare, in ƙulla wata,
ban ji ƙarar ruwa ba,
ban kuma ji ta taɓa ƙasa ba.

Yau gyaran famfo nake yi, a kan babur,
daga wannan ƙauye zuwa wancan.
In ina kwance ƙarfe ni kaɗai
nakan ga duk hali ɗaya gare su:
su nuna maka hanyar gabas,
su je yamma su laɓe.
Ɗaya na jiranka da amsa a hannu,
ɗaya ya yi tsalle ya kama ka,
ita kuwa, ka je yamma, ba kowa,
sai sawunka da ya riga ka zuwa.

Ramin nan na ba yarana, sun haddace,
ba mai biyana ko unguwa.
Zancen Ja'e ya tsufa, ya bi Ja'e.
Wasiyyar ce kaɗai ba ta kwanta ba.

Jiya 'yar autata Ladiyo ta ce,
"Baba, me kakanka ya bar maka?"
Na buɗe baki,
sai na tuna furfurar gemuna.